Karen da Na Ce Zan Mayar Farfesa

Ni fa har bara ba na iya gama shafi ɗaya na littafi ba tare da kaina ya yi ciwo ba. Ashe ido ne. Aka yi mini tabarau, shi ke nan na zama annoba. Kwalin madara in karanta, takardar magani in karanta, allon bakin titi in karanta wa Baba da ƙarfi yana tuƙi, alhali shi ma da idonsa. Ana gab da hutun makaranta na watan Satumba na gama wani littafin horar da karnuka da na aro a laburare, mai kauri kamar bulo. Na rufe shi na ce wa Baba, "Na gama. Yanzu ba karen da zai gagare ni a ƙasar nan."

Baba mai gyaran famfo ne, kuma lokacin yana kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanken kicin ɗinmu. Ƙafafunsa kawai nake gani.

"Kin taɓa riƙe kare, Marnie?"

"Na karanta."

"Miƙo mini sifana."

Ban bar shi ya sha ruwa ba sai da ya kai ni wurin Glenys. Ita ce ke kula da gidan ajiye karnukan da aka yasar a bayan gari, tsohuwar nas ce mai murya irin ta direban tirela. Kullum tana neman gidajen riƙo, inda kare zai zauna ya murmure kafin a samu mai ɗaukarsa dindindin. Ta wuce da mu kejin ƙarshe ta nuna mana wani jan kare da ya juya wa duniya baya yana kallon bango. Haƙarƙarinsa duk a waje, gashin bayansa ya zube, wuyansa da shatin sarƙa. A bayan wani gida aka tsince shi ɗaure a turken ƙarfe, masu haya sun tashi sun bar shi.

"Tun da ya zo bai ci abin kirki ba," in ji Glenys. "Haushin sauran karnukan ya fi ƙarfinsa. In ya daɗe a nan ba zai kai labari ba, kuma ba ni da wani gidan riƙo."

Baba ya ce, "Zuwa ƙarshen hutu kawai. Mu biyu ne a gidan. Ranar da ta koma makaranta ni ina wurin aiki, ba mai zama da shi. In bai samu gida ba sai dai ya dawo nan."

Asabar ta ƙarshen hutu ita ce ranar da ake kai karnuka filin shaƙatawa na tsakiyar gari, masu so su zo su zaɓa. Na ce ai magana ta ƙare, a ranar sai an raba faɗa a kansa.

Glenys ta dube ni ta saman tabaranta, na dube ta ta cikin nawa.

"Ki ba shi abinci kaɗan-kaɗan. Ki ba shi kusurwa da bargo. Sannan ki ƙyale shi."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Glenys, ilimi fa ya ci gaba. Babi na huɗu ya ce..."

"Babi na huɗu bai taɓa kwana ɗaure a turke ba."

A mota na raɗa masa suna Farfesa, don kowa ya san inda muka dosa.

Littafin ya ce kare mai tsabta shi ke da ƙarfin zuciya, don haka muna isa na jawo tiyon ban ruwa da sabulu. Na samu na shafa masa sabulun. Ina buɗe famfo ya sulɓe daga hannuna kamar kifi, ya bi ta ramin da ke ƙasan katangar katako ya faɗa lambun Misis Petrakis. Misis Petrakis maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu tun ina ƙarama, kuma a safiyar ranar ta gama dasa tumatir ɗinta. Na bi shi ta ramin, ƙuguna ya maƙale. Rabina a gidanmu, rabina a nata, ina kallo yana zagaya bishiyar lemonta da kumfa a baya yana tattake dashen ɗaya bayan ɗaya.

Ta fito da tsintsiya, ta dubi kare, ta dubi rabin yarinya.

"Wanne ne aka ceto a cikinku?"

"Horo muke yi, Misis Petrakis."

"To ki gaya wa babanki ya zo ya ja ki ta baya, ni ba zan iya ta gaba ba."

Tun daga ranar ta kifa akwatin katako a jikin katangar, kullum da safe ta hau da kofin gahawarta ta ɗora haɓa tana kallo. Talabijin ma ta daina kunnawa.

Darasi na farko shi ne zama. Na kwaso sosej na naman shanu daga firji na yayyanka, saboda littafin ya ce duk abin da kare ya yi daidai a ba shi lada nan take. Na ce, "Farfesa, zauna." Ya tsaya can nesa yana kallona ta gefen ido. Na sake faɗa. Na faɗa da taushi, na faɗa da zafi, na faɗa da alamar hannu da aka zana a shafin. Ni kuwa ba na iya jira, ko ruwan shayi a kan wuta haushinsa nake ji. Sai na ce bari in nuna masa. Na ce "zauna", na zauna a ciyawa, na jefa sosej a baki, na ce wa kaina madalla. Ya matso kaɗan. Na ce ka ga ilimi. Na tashi na maimaita.

Haka muka kwashe kwanaki. In ya kalle ni sai in zauna, in ya kalle ni sai in kwanta, har birgima na yi masa. Shi dai abincinsa ba ya ci sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Sosej kuwa sai ƙarewa yake.

"Karen nan ya iya koyarwa," in ji Misis Petrakis daga kan akwatinta. "Jiya sai ya kalle ki sau biyu kike zama. Yau sau ɗaya."

"Hanyar zamani ce."

"Na gani. Kin yi ƙiba, gashinki ya yi sheƙi. Nan gaba kaɗan za a samu mai ɗaukar ki."

Rannan har mai kawo wasiƙu ta tsayar ya leƙo. Ya kashe babur ɗinsa ya kalli birgima biyu, ya tambaya ko gobe ma ƙarfe nawa ake farawa.

Da na ga zama ya ƙi, sai na tsallake zuwa babin tafiya. A nan na gano wani abu. Farfesa ba ya tafiya miƙe. A tsakar gidanmu ƙarfen shanya mai juyawa yake zagayawa, zagaye ɗaya, faɗi ɗaya, har ciyawar ta mutu ta bar zobe. Ba sarƙa a wuyansa, amma daidai inda tsohuwar sarƙarsa za ta ƙare yake tsayawa ya karkata. Da na gane, na tsuguna ina kallon zoben. Ban daɗe ba dai, na ce wannan ai babi na tara ne, fita waje zai warware shi.

Matsalar ita ce Satumba ne, hankakin garinmu na kan ƙwai, lokacin da yake kai wa masu wucewa sara a ka, kuma na bishiyar bakin layinmu ya fi kowanne mugunta. Kowa a layin ya san ba a wucewa kai a buɗe. Ni robar askirim nake kifawa a kai, da idanu biyu da na zana mata ta ƙeya don hankakan ya zaci ana kallonsa, tun ina firamare. Na kifa abata na fito da igiya. Farfesa na ganina ya shige ƙarƙashin motar Baba yana rawar jiki, ya yi fitsari a wurin. Na cire robar ya leƙo, na mayar ya koma. Na gwada hular Baba, abin ya fi muni. Duk wanda ya ɗaure shi a turken nan, da hula yake zuwa.

To ya zan yi? Na fita kaina a buɗe.

Ba mu yi nisa ba, tunda ni yake zagayawa, ni kuma ina juyawa kamar fanka don kar igiyar ta naɗe ni. A haka muka gangara har gindin bishiyar. Ƙarar fukafuki kawai na ji, sai zafi a tsakar kai. Na saki igiya na ruga. Hankakan ya bi ni har gidan mai jan ƙofa, ya dawo da ni, ya sake kai ni. A zuwa na uku na waiwaya ina kare tabarau da hannu, sai na ga Farfesa a bakin titi. Ya zauna. Zama mai kyau, irin na hoton littafi, kunnuwa a miƙe, yana bin mu da kallo.

Baba na shafa mini magani a kai na ce, "Ka ga dai ya zauna."

"Kira hankakan ya zo ya karɓi ladansa."

"Baba, ba ka da ilimin abin."

"Marnie, Asabar ta kusa. Ki gaya wa mutane gaskiyar halinsa, wataƙila wani ya ji tausayi."

Ni kuwa tausayi ba ya cikin shirina. Dabara ta zo mini ina wanke kai. Tunda zagaye ya iya, ai sai in ce rawa ce. In tsaya a tsakiya da doguwar igiya, in ɗaga hannu kamar ni nake ba da umarni, ya yi abin da zai yi ko da ba ni. Na ɗauko igiyar ɗaure tsani daga motar Baba na gwada a tsakar gida. Ya yi daidai. Misis Petrakis ta ce za ta zo ranar, kuma za ta zo da kujerarta.

Ranar Asabar filin ya cika. An kafa rumfunan tamfol, ana gasa sosej da albasa ana sa wa a burodi don tara wa gidan karnuka taimako, ga teburin kek, ga rumfar masu ba da agajin gaggawa. Rana ta buɗe, ga kuma bishiyoyin filin cike da sheƙar hankaki, don haka ba kan da ba hula. Wannan ban lissafa da shi ba. Farfesa ya manne a ƙafata yana kyarma, ina jin bugun zuciyarsa ta cikin wando.

Glenys ta nuna mini wasu mata da miji masu riga iri ɗaya. "Suna da babban fili, ba su da yara, matar kullum tana gida. Na ba su labarinsa. Ki kai shi gefe inda ba hayaniya su zauna da shi. A hankali, Marnie."

Na ce to. Tana juya baya na ɗauki makirfon da take sanarwa da shi.

"Jama'a, ku matso. Ku zo ku ga karen da ya fi kowanne ilimi a filin nan. Makon jiya ko sunansa bai sani ba, yau zai yi muku rawa. Ni na horar da shi, ni kaɗai."

Suka matso kuwa, da hulunansu, suka yi mana zobe. Na tsaya jikin ƙarfen babbar rumfa, na saki igiya, na ɗaga hannu. Farfesa ya dubi hula ta dama, ya dubi ta hagu, ya kwasa. Zagayen farko aka yi tafi. Amma a tsakar gida ni kaɗai ce a tsakiya kuma ina juyawa, nan kuwa ga ƙarfe a bayana. Igiyar ta kama ƙarfen ta kama ni. Zagaye na gaba ta haɗa gwiwoyina. Mijin nan mai riga iri ɗaya da matarsa ya shigo zai taimaka, ta haɗa da shi. Kafin in ce wani abu mun zama dami ɗaya, ni da shi da ƙarfe, hancina a aljihun rigarsa.

"Wannan ma cikin rawar ne?" ya tambaya.

"Kada ka motsa, Yallaɓai."

Ya motsa. Ƙarfen ya karkata, tamfol ya sauko a hankali ya kwanta a kan teburin kek da matan da ke sayarwa. Sauran karnuka suka ɗauki haushi gaba ɗaya. Makirfon na maƙale a ƙirjina a kunne, duk abin da nake gunguni filin na ji, har da wata kalma da ban san Baba ya san na sani ba.

Sai na ji igiyar ta saki. Wuyan Farfesa bai gama cika ba, ya zame daga abin wuyan ya bar shi a ciyawa. Na ga jan bayansa ya ratsa ƙafafun mutane ya ɓace. Bayan filin babban titi ne. Maza suka fara gudu ta can suna kira suna tafa hannu, kowa da hularsa.

Nan dariya ta fita daga raina. Na sunkuya kan makirfon.

"Ku tsaya, don Allah kada ku bi shi. Ƙarya nake yi, bai iya rawa ba, bai iya komai ba. Tsoro yake ji. Hula yake tsoro. Ku cire hulunanku ku tsaya inda kuke."

Mutanen garinmu akwai kirki. Suka tsaya, suka cire. Filin gaba ɗaya, yara da tsofaffi, kai a buɗe, a watan Satumba, ƙarƙashin bishiyoyin nan.

Ban taɓa sanin hankakin filin sun kai haka yawa ba. Suka sauko kamar an buga musu ƙararrawa. Mai gashin sosej ya kare kansa da faranti, wata ta kifa kwanon kek, mijin da ke ɗaure da ni ba shi da hannun karewa sai ya tura kansa ƙarƙashin haɓata. Misis Petrakis kaɗai ke zaune daram a kujerarta da lema a buɗe. Ta ɗaga mini kofi.

Baba ya zo da wuƙar aljihu ya yanke igiyarsa da kansa. Na ruga da guntayen igiya a ƙafa. Na duba bakin titi, na duba ƙarƙashin motoci. Ina ta tuna kejin nan da bangon da yake kallo, ina ganin ko kejin ma ba zai samu komawa ba, duk saboda bakina.

Can ƙarshen filin, inda ba bishiya, akwai wani benci. Wani tsoho mai sanƙo na zaune, ƙarfen da yake dogarawa yana tafiya na gabansa, yana cin burodinsa yana kallon hayaniyar daga nesa kamar wasan ƙwallo. Ƙarƙashin bencin ga jan wutsiya. Farfesa ya kwanta ya ɗora haɓa a kan takalmin tsohon. Na ga tsohon ya gutsuri gefen burodin ya sake shi ƙasa ba tare da ya duba ba, na ga burodin ya ɓace. A gaban mutum yake ci.

"Naki ne, 'yar nan?"

"Na riƙo ne."

"Ke ce mai lasifika. Ni ne Ambrose Tully. Me kika ce ya iya?"

"Ba abin da ya iya, Mista Tully. In an ce ya zauna ba ya zama. Yana tsoron hula, yana tsoron tiyo, ina jin har ni yana tsoro. Tafiya ma ba ya yi miƙe, sai zagaye."

"Zagaye mai faɗin me?"

"Kamar daga nan zuwa kwandon sharar can."

Ya auna da ido ya gyaɗa kai. "An canja mini ƙashin ƙugu a asibiti. Likita ta ce in riƙa zagaya bayan gida safe da yamma. Ni kaɗai in ina yi sai in ga maƙwabta na leƙe, kamar tsoho ya fara rasa hankali. In da kare, ai kare nake zagayawa da shi."

Glenys ta iso da ɗigon jini a goshi da kirim ɗin kek a kafaɗa. Ta buɗe baki a kaina, ta hango ƙarƙashin benci, ta rufe. Mata da mijin nan tuni sun tafi da wani ɗan kwikwiyo, ba su yi mana sallama ba. Ta zauna gefen tsohon ta fara tambayarsa ko gidansa na da katanga, da wa yake zaune, wa zai kai kare asibiti. 'Yarsa ce ke gidan da ke kusa da nasa, ita ke tuƙa shi.

Washegari Glenys ta je ta duba gidan da safe, da rana ta ce mu kawo shi. Na ɗauko bargonsa da kwanonsa. Mista Tully ya wuce da mu bayan gida, inda yake da wata bishiyar zaitun a tsakiya. Bai kira Farfesa ba, bai ma dube shi ba. Ya tura ƙarfensa gaba, ya ja ƙafa, ya sake turawa, ya kama zagaya bishiyar. Farfesa ya tsaya jikin ƙafata yana kallo. Tsohon ya wuce mu sau ɗaya. Da ya sake zuwa, na ji ɗumin da ke jikin ƙafata ya tashi. Ya bi bayansa, a hankali, daidai tafiyar tsohon.

Na ga ya kamata a ce karen yana ta hagun tsohon ne ba ta dama ba, haka aka rubuta a littafin. Na ja numfashi na ce, "Mista Tully, abin da ya kamata ka yi shi ne..."

Baba ya ɗora hannu a kafaɗata.

Na rufe baki. A duk hutun nan ba abin da ya ba ni wuya kamar wannan. Muka tsaya har suka gama, muka ajiye bargon, muka fita ta gefen gida, ban ce uffan ba har muka shiga mota.

A mota na rama.